BABI NA UKU: TARIHIN YA DA ZANGO DA DAWAKI A DAZUZZUKAN DUWATSUN SIERRA NEVADA, 1827–2015

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda doki ya zama abin hawa da abin ɗaukar kaya a yammacin ƙasar Amurka. A wannan babi kuwa za a duba wani ɓangare guda na wannan tarihi, wato al'adar shiga dazuzzukan kan duwatsu da dawaki da alfadarai, a ya da zango a yi kwanaki a can. An zaɓi duwatsun Sierra Nevada na Jihar Kalifoniya a matsayin misali, saboda al'adar ta daɗe a wurin, kuma an yi jayayya a kanta sosai, har maganar ta kai gaban kotu da majalisar dokoki.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan tarihi gaba ɗayansa ya rataya ne a kan ciyawa. Duk wanda ya shiga waɗannan duwatsu da dabba, tilas ya ciyar da ita a 'yan fadamun da ke tsakanin itatuwa, ga su kuwa ba su da yawa. Saboda haka tambayar da ta riƙa dawowa a kowane zamani ita ce, dabbar wane ne ke da ikon cin wannan ciyawa. Za a ga cewa doki aka hau aka kori tumaki daga dajin, a kan doki aka kai manyan mutane suka gan shi har suka yarda a kare shi, daga baya kuma dokar kariyar ta juyo kan dokin shi kansa.

3.1 Yanayin Wurin

Sierra Nevada jerin duwatsu ne da suka miƙe daga arewa zuwa kudu a gabashin Kalifoniya, tsawonsu kimanin kilomita 640. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a cikinsu shi ne Whitney, mai mita 4,421. A gefen yamma duwatsun suna hawa ne sannu a hankali, kuma daji ya lulluɓe su. A nan ne ake samun manyan itatuwan nan da ake kira sequoia, waɗanda wasunsu sun haura shekara 3,000 a duniya. A gefen gabas kuwa gangaren yana da tsanani, ruwan sama kuma kaɗan ne.

Abu mafi muhimmanci ga mai tafiya da dabba shi ne dusar ƙanƙara. Takan rufe saman duwatsun tun daga wajen watan Nuwamba, ba ta gama narkewa sai watan Yuni ko Yuli. Ke nan lokacin da ciyawa ke da shi na tsiro da girma da zubar da iri bai wuce wata uku ba. Ita ciyawar tana fitowa ne a fadamu, wato filaye masu damshi da ke bakin ƙoramu da tafkuna, waɗanda ɗan ƙaramin kaso ne na faɗin ƙasar. Saiwoyin ciyawar su ke riƙe ƙasar fadama, ita kuma takan sha ruwan ƙanƙara kamar soso, ta riƙa sakinsa a hankali zuwa kogunan da gonaki da biranen Kalifoniya suka dogara da su. Idan kofato ya yanka ƙasar tun tana jiƙe, ruwa yakan bi sawun ya haƙa kwazazzabo, damshin ya zurare, ciyawar ta bushe, itatuwa su mamaye filin. Gyaruwar irin wannan ɓarna takan ɗauki shekaru masu yawa.

3.2 Shigar Doki Cikin Duwatsun

Mutanen asali na yankin, kamar Miwok da Mono da Paiute, sun daɗe suna ƙetare duwatsun a ƙafa domin musayar kaya. Na gabas sukan kawo gishiri da wani baƙin dutse mai kaifi da ake yin kan kibiya da shi, na yamma kuma su ba su 'ya'yan itatuwan da ake niƙawa a yi gari. Hanyoyin da suka tattaka su ne mahaya suka bi daga baya. Doki kuwa ya iso Kalifoniya ne tare da Sifaniyawa, waɗanda suka fara kafa matsugunansu a bakin teku a shekarar 1769.

Tafiye-tafiyen farko da aka yi da dawaki sun nuna wahalar ciyarwa tun da wuri. A watan Mayu na 1827 wani mafarauci mai suna Jedediah Smith da abokansa biyu suka ƙetare duwatsun zuwa gabas da dawaki bakwai da alfadarai biyu. Da yake ƙanƙara ba ta narke ba, sai da suka ɗora wa dabbobin harawar da za su ci. Sun yi kwana takwas a hanya, suka rasa dawaki biyu da alfadari ɗaya. A watan Oktoba na 1833 ayarin Joseph Walker ya ƙetare zuwa yamma bayan ciyawa ta ƙare. Dawaki 24 suka halaka, kuma yunwa ta sa mutanen suka ci naman 17 daga cikinsu.

Gano zinariya a 1848 ya kawo dubban mutane gindin duwatsun, alfadarai kuma suka zama hanyar kai abinci da kayan aiki zuwa wuraren haƙa. Ga mutanen asali wannan zamani ya zo da masifa. A watan Maris na 1851 wata runduna ta mahaya a ƙarƙashin James Savage ta shiga kwarin Yosemite tana farautar jama'ar sarki Tenaya, ta ƙone gidajensu da rumbunansu. Shekara huɗu bayan haka, wato 1855, James Hutchings ya kai 'yan yawon buɗe ido na farko wannan kwari. Tun daga lokacin har zuwa 1874 da aka kammala hanyoyin keken doki, duk baƙon da ya shiga kwarin a kan sirdi ya shiga, ko kuma a ƙafa. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta miƙa kwarin da kurmin Mariposa ga Jihar Kalifoniya domin ta kiyaye su. Sai dai dokar ba ta haɗa da saman duwatsun da ke kewaye ba, inda fadamun suke.

3.3 Zamanin Tumaki

Farin da aka yi a Kalifoniya a 1863 da 1864 ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a filayen ƙasa. Wannan ya sa masu dukiya suka fara tura garkunansu saman duwatsu a lokacin zafi, kuma cikin 'yan shekaru abin ya zama al'ada. Makiyayan, waɗanda da yawansu baƙi ne daga kan iyakar Faransa da Sifen, sukan bi ƙanƙara tana narkewa suna hawa, tumaki na cinye ciyawa tun tana ɗanya. Idan za su sauka a ƙarshen kiwo wasunsu sukan cinna wa dajin wuta domin ya buɗe, ciyawar baɗi ta fito da kyau.

Wani abin lura shi ne, mutumin da ya fi kowa yaƙar wannan kiwo da shi ya fara. John Muir, haifaffen ƙasar Sikotilan, ya raka garken tumaki fiye da 2,000 zuwa fadamar Tuolumne a 1869, wadda ke kan tudu mai kimanin mita 2,600. Abin da ya gani ya sa daga baya ya riƙa kwatanta tumakin da fara. A watan Yuni na 1889 ya koma wannan fadama tare da Robert Underwood Johnson, ɗaya daga cikin editocin mujallar Century, suka ya da zango suka ga yadda wurin ya zama. A wannan zango ne suka ƙulla shawarar neman a mai da yankin gandun daji na ƙasa. Muir ya yi rubuce-rubuce, Johnson ya bi 'yan majalisa, kuma a 1890 aka kafa gandayen Sequoia da General Grant da Yosemite.

3.4 Sansanin Sojan Doki, 1891–1914

Majalisa ta kafa gandayen, amma ba ta kafa hukumar da za ta tsare su ba. Saboda haka aka bi abin da aka yi a gandun Yellowstone tun 1886, wato aka kira soja. Daga 1891, a kowace shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, sojan doki sukan taso daga barikinsu na San Faransisko su yi tafiyar kimanin mako biyu zuwa duwatsun, su zauna har sanyi ya shigo, sannan su koma. Kyaftin Abram Wood ya kafa babban sansanin Yosemite a Wawona, Kyaftin Joseph Dorst kuma ya kama Sequoia. Daga babban sansani akan rarraba sojoji ƙungiya-ƙungiya, su kafa ƙananan zango a mashigai da fadamu, alfadarai na kai musu abinci.

Babbar matsalar da suka tarar ita ce, dokar ta hana kiwo amma ba ta yanke hukuncin wanda ya karya ta ba. Iyakar abin da soja ke iya yi shi ne ya fitar da mutum daga gandu, shi kuwa makiyayi da an juya baya sai ya dawo. Dabarar da Wood ya soma, wadda Laftana Harry Benson ya tsananta daga baya, ita ce a kama makiyayi a tafi da shi tafiyar kwanaki a sake shi a wata iyaka, tumakinsa kuma a kora su ta ɗaya iyakar. Kafin ya zagayo ya tattara garken, an yi asara mai yawa. Da masu tumaki suka ga abin ba riba, sai suka fara janyewa. Shekarar 1898 ta nuna amfanin sojan ƙarara. A shekarar an tafi da su yaƙin Amurka da Sifen, nan da nan garkuna suka kwararo, har farar hular da aka ɗauka na wucin gadi suka ba da rahoton korar tumaki kusan 190,000 daga Yosemite cikin wata biyu da 'yan kwanaki.

Bayan sintiri, sojojin sun yi ayyukan da suka buɗe dajin ga waɗanda suka biyo bayansu. Sun zana taswirori, sun share hanyoyi, sun sassaƙa alamu a jikin itatuwa domin kada mahayi ya ɓata, sun kuma ɗauki 'ya'yan kifi a cikin gwangwanaye a bayan alfadarai suka zuba a tafkunan da a da babu kifi a cikinsu. Wannan kifi ya jawo masu kamu da ƙugiya daga baya, ko da yake bincike ya nuna ya yi wa kwaɗin wurin illa. Ya kamata a lura a nan cewa dawakin soja su ma a fadamun suka riƙa kiwo. Da yake ba su kai tumaki yawa ba, kuma aikin gwamnati suke yi, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba a lokacin.

3.4.1 Sojojin Ɓauna

A shekarun 1899 da 1903 da 1904 an ba rundunonin baƙar fata, waɗanda ake wa laƙabi da Sojojin Ɓauna, aikin tsaron gandayen. Kimanin mutum 500 daga cikinsu ne suka yi wannan aiki, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi, ga shi kuma mutanen da za su tsawata wa galibi fararen fata ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Kyaftin Charles Young. An haife shi a Jihar Kentucky a 1864, iyayensa suna cikin bauta, kuma shi ne baƙar fata na uku da ya kammala makarantar horar da hafsoshi ta West Point, a 1889. A 1903 ya jagoranci sojan doki tafiyar kwana 16 zuwa Sequoia, inda ya riƙe muƙamin mai kula da gandun. A wannan shekara aka kammala hanyar keken doki zuwa kurmin manyan itatuwan nan da ake kira Giant Forest, aikin da ya daɗe yana jan ƙafa. Ya kuma shawo kan masu filaye a cikin gandun suka amince za su sayar wa gwamnati. Daga baya an tura Young aikin jakadancin soja a Laberiya. Ya kamu da rashin lafiya a wata ziyara da ya kawo Nijeriya, ya rasu a Legas ranar 8 ga Janairu, 1922.

3.5 Zango a Matsayin Hanyar Jan Ra'ayi

Masu son a kare dajin sun fahimci cewa mutum ba ya tsaya wa abin da bai sani ba, Hausawa kuma na cewa gani ya kori ji. Da yake mutumin birni ba zai iya ɗaukar kayan mako biyu a bayansa ya hau dutse ba, dabba ce kaɗai za ta iya kai shi. Misalai uku za su isa a nan.

Na farko shi ne tafiyar shekara-shekara ta ƙungiyar Sierra Club, wadda aka kafa a 1892 Muir yana shugabanta. A 1901 sakatarenta William Colby ya shirya tafiya ta farko zuwa fadamar Tuolumne da mutum 96. A shekarun da suka biyo baya adadin yakan kai 200. Mutanen suna tafiya a ƙafa, alfadarai na ɗauke da shimfiɗu da abinci da murhun ƙarfe, kuma akan yi kusan wata guda ana tashi daga zango zuwa zango.

Na biyu shi ne zangon Shugaba Theodore Roosevelt da Muir a watan Mayu na 1903. Shugaban ya bar 'yan rakiyarsa ya hau doki, suka kwana uku a dajin Yosemite, har a dare na biyu ƙanƙara ta zubo musu. Muir ya yi amfani da wannan dama ya nuna masa yadda kulawar jiha ta gaza. A 1906 Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta mai da kwarin Yosemite da kurmin Mariposa hannun gwamnatin tarayya.

Na uku shi ne tafiyar da Stephen Mather ya shirya a watan Yuli na 1915. Mather attajiri ne da aka ba aikin kula da gandaye a Ma'aikatar Cikin Gida. Ya gayyaci ɗan majalisa da 'yan jarida da manyan 'yan kasuwa, ya bi da su a kan dawaki da alfadarai daga Sequoia har dutsen Whitney. Ya san cewa wanda ya kwana da yunwa ba zai yabi daji ba, don haka ya ɗauki wani gwanin kuku ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Tie Sing. Shi Tie Sing yakan ɗaura kwaɓin burodi kusa da jikin alfadari domin ɗumin dabbar ya sa ya kumbura kafin a isa zango. Daga cikin baƙin akwai Gilbert Grosvenor, editan mujallar National Geographic, wanda ya keɓe fitowar watan Afrilu ta 1916 ga wannan batu. Ranar 25 ga Agusta, 1916, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Kula da Gandayen Daji na Ƙasa.

3.6 Sana'ar 'Yan Alfadarai da Tsarin Zango

Daga waɗannan tafiye-tafiye ne sana'ar kai baƙi daji ta bunƙasa. An kafa tashoshi a inda hanyar mota ta ƙare, kusa da garuruwa irin su Bishop da Lone Pine a gabas da Mineral King a yamma. Ƙidayar da Norman Livermore, wanda shi ma ɗan sana'ar ne, ya yi a 1935 ta nuna tashoshi 71 da dabbobi fiye da 2,700. Kammala hanyar John Muir a 1938, mai tsawon kimanin kilomita 340 daga Yosemite zuwa Whitney, ya ƙara wa sana'ar kasuwa.

An fi son alfadari wajen ɗaukar kaya saboda ƙarfin kofatonsa da natsuwarsa a kan duwatsu, doki kuma na hawa ne. Akan aza wa alfadari kaya kimanin kilo 70 a kan sirdin kaya, a raba shi gida biyu daidai wa daida kamar mangala, domin idan ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya sirdin yakan goge bayan dabbar ya yi mata miki. Mutum ɗaya yakan ja alfadarai kamar biyar a jere, kowanne a ɗaure da na gabansa. Idan aka isa zango da la'asar sai a sauke kaya, a duba baya da kofato, a shayar da dabbobi, sannan a sake su kiwo. A nan ne goɗiya take da amfani. Alfadarai suna shaƙuwa da goɗiya ƙwarai, duk inda ta sa kai suna biye. Saboda haka akan rataya mata ƙararrawa, wani lokaci a yi mata dabaibayi, da asuba kuma mai kula da su ya bi ƙarar ko sawu ya koro su.

Dalilin sakin dabbobi kiwo a fili yake idan aka yi lissafi. Doki yakan ci busasshen abinci wajen kilo 10 a rana. Ke nan alfadarin da aka ɗora wa harawa zalla, kayan nasa ba za su ciyar da dabba ɗaya fiye da mako guda ba. Ayarin da zai yi mako uku da dabbobi hamsin ba shi da wata hanya sai fadama. Shi ya sa ake zaɓen wurin zango bisa ga ciyawa da ruwa kafin komai, kuma tun da wuraren da suka dace ƙidayayyu ne, sai kowane ayari ya riƙa sauka inda na gabansa ya sauka.

3.7 Yadda Doka ta Juyo Kan Doki

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Hujjar da aka kori tumaki da ita, ita ce ta dawo kan dawaki da alfadarai. Tun daga ƙarshen shekarun 1930 wani masanin halittu na hukumar gandaye, Lowell Sumner, ya riƙa zagayawa yana duba fadamu, ya tarar da yawansu sun ƙwaƙule a wuraren da ayari ke yawan sauka. A 1947 shi da Richard Leonard, wani jigo na Sierra Club, suka buga maƙala a mujallar ƙungiyar a kan kare fadamun, ba su kuma tsame tafiye-tafiyen ƙungiyar daga laifin ba. Ƙungiyar dai tun 1938 ta fara shirya ƙananan tafiye-tafiye da jakuna, da kuma waɗanda mutum ke ɗaukar kayansa da kansa. Babbar tafiyar ta ci gaba da raguwa har aka daina ta a farkon shekarun 1970.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an samu canji a kayan tafiya. Tantuna da jakunkuna marasa nauyi sun ba mutum damar yin mako guda a daji ba tare da dabba ba. Nan da nan masu tafiyar ƙafa suka fi mahaya yawa, suka kuma fara kuka da kashin dabbobi a hanya da bakin ruwa, da ƙura, da itatuwan da igiya ta ci.

Dokar Kare Ƙungurmin Daji ta 1964 ta zo wa masu dawaki da fuska biyu. Ta hana mota da injuna a yankunan da aka keɓe, abin da ya bar dabba a matsayin hanyar ɗaukar kaya mai nauyi, har ma'aikatan gwamnati masu gyaran hanya da ita suka dogara. Amma kuma ta ce ba za a yi kasuwanci a irin waɗannan yankuna ba sai gwargwadon buƙata. Duk da haka, doki ya sake yi wa dajin rana a 1972. A lokacin akwai shirin yanka babbar hanyar mota ta tsakiyar duwatsun, wadda za ta tsinka hanyar John Muir. Norman Livermore, wanda a lokacin ya zama sakataren albarkatun ƙasa na Kalifoniya, ya shawo kan Gwamna Ronald Reagan. A watan Yuni Reagan ya hau doki ya shiga yankin tare da 'yan jarida, ya bayyana cewa an soke aikin. A shekara mai zuwa, wato 1973, wasu mahaya a Jihar Montana suka kafa ƙungiyar Back Country Horsemen domin kare haƙƙin hawa a dazuzzukan gwamnati, da koya wa 'ya'yanta rage ɓarna, da aikin gayya na gyaran hanyoyi.

Hukumomi sun bi hanyar ƙayyadewa. A Yosemite, alal misali, an tsai da cewa ayari kada ya wuce mutum 15 da dabbobi 25. An hana ɗaure dabba kusa da ruwa, ko a jikin itace na tsawon lokaci. A maimakon haka akan miƙa doguwar igiya tsakanin itatuwa biyu a kan ƙasa mai tauri a ɗaure dabbobin a jikinta. A 1986 gandayen Sequoia da Kings Canyon suka fito da tsari na musamman a kan dabbobi da fadamu, inda ake sa ranar buɗe kiwo bisa ga yawan ƙanƙarar shekara, wasu fadamun kuma a rufe su.

Wannan bai gamsar da kowa ba. Wata ƙungiyar masu tafiyar ƙafa, High Sierra Hikers Association, ta kai ƙara, kuma a 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa Hukumar Dazuzzuka ta saɓa doka da ta ba tashoshin alfadarai izini ba tare da auna illarsu ba. A 2012 wata kotu ta yanke irin wannan hukunci a kan Sequoia da Kings Canyon, har aka dakatar da ba da izini ana dab da buɗe kasuwar shekara. Masu tashoshi suka koka cewa abincinsu zai yanke, suka kuma kawo hujjar cewa tsofaffi da naƙasassu da masu ƙananan yara ba su da hanyar ganin dajin sai a kan dabba. Majalisa ta yi gaggawar zartar da doka a wannan shekara da ta ba su damar ci gaba kafin a gama nazari. A 2015 hukumar ta kammala sabon tsari wanda ya bar sana'ar, amma ya sa mata iyaka.

3.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya raba wannan tarihi zuwa matakai huɗu. Da farko doki ya shiga duwatsun da mafarauta da mayaƙa, waɗanda suka raba mutanen asali da ƙasarsu. Daga nan ya zama abin hawan sojan da suka ƙwace fadamu daga bakin tumaki tsakanin 1891 da 1914. Sannan ya zama mai kai shugabanni da 'yan jarida da mutanen birni zango, abin da ya taimaka wajen samar da dokokin 1906 da 1916. A ƙarshe kuma ya zama abin da ake ƙidayawa, ana sa masa ranar shiga da wurin kiwo.

Idan aka yi la'akari da waɗannan matakai za a ga cewa a kowannensu fadama ce ma'auni. Jayayyar 2012 tsakanin masu tafiyar ƙafa da 'yan alfadarai ta yi kama da ta 1891 tsakanin soja da makiyaya, domin duka biyu a kan abu ɗaya aka yi su, wato ciyawar da ba ta da fiye da wata uku a shekara. Bambancin kawai shi ne, an kori tumaki baki ɗaya daga gandayen, doki kuwa an bar shi bisa sharaɗi, saboda dokar da ta hana injuna ta sa su kansu masu tsaron dajin ba za su iya aikinsu ba sai da shi. A babi na gaba za a duba kayan doki da na alfadari da ake amfani da su a irin wannan tafiya, da asalin kowannensu.